Ƙwallon da Sadi Baduku Ya Gyara

Sadi Baduku bai taɓa kallon wasan ƙwallo daga farko har ƙarshe ba, alhali shekara arba'in da ɗoriya ke nan ƙwallo ke ciyar da gidansa. A ganinsa wasan ba komai ba ne illa ƙarti ashirin da biyu da suka haɗa baki don su ɓata aikin mutum ɗaya. Su fasa, shi ya ɗinke. In ka tambaye shi wa ya ci jiya, sai ya ce ƙwallo dai ta sha wuya, kamar kullum.

A Damri aka haife shi, cikin ƙasar Bakura, gidan dukawa tun kaka da kakanni. Ubansa kube yake ɗinkawa da takalma da gugan fata, har roba ta shigo gari ta kashe musu kasuwa. Sadi na saurayi, lokacin da ake aikin madatsar Bakolori, wani lebura ya kawo masa fasasshiyar ƙwallo ya ce ko zai iya. Sadi ya juya ta, ya shinshina ta, ya ce fata ce ai, me zai hana. Tun daga ranar yake zagaye kasuwanni uku da jakarsa, Mafara da Bakura da Maradun, kuma duk malamin makarantar da ƙwallonsa ta fashe ya san gindin dogonyaron da zai same shi.

Abu biyu yake taƙama da su. Na farko wani zoben ƙarfe ne da wani maƙeri a Maradun ya ƙera masa, wanda yake kira Alƙali. Duk ƙwallon da ya gama sai ta ratsa Alƙali ta kowane gefe, tana taɓa ƙarfen ko'ina, in ba haka ba ya warware ya sake, ko da mai ita na tsaye yana rantsuwar cewa ta yi. Na biyu ɗinkin gidansu ne. Kowane ɗinki na bakwai sai basilla ta koma baya taku ɗaya ta ƙulle, don ko zare ya tsinke ɓarnar ba za ta wuce bakwai ba. Kakansa ya koya wa ubansa, ubansa ya koya masa, shi kuma bai samu wanda zai koya wa ba.

Ba wai ba shi da ɗa ba. Bayan mata shida Allah ya ba shi Mukhtar, wanda a gida ake kira Muntari. Yaron ya tashi yana zama gefen buzu yana kallon hannun uban, har Sadi ya sa rai. Ranar da ya cika shekara sha biyar uban ya miƙa masa basilla, shi kuwa ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana gyaran abin da wasu ke shura da ƙafa ba. Sadi bai zage shi ba, bai doke shi ba. Mayar da basillar ya yi cikin jaka, amma maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, kuma ba ta daina ba. Mukhtar ya yi boko, ya karanta noman rani, daga baya aka ba shi gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa wai ita Wales. In ya bugo waya, awa guda yake yi da uwarsa Hindu. In an miƙa wa uban, sai su yi gaisuwa mai tsawon gaske, ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, ya jama'a, ya ƙoƙari, har gaisuwa ta ƙare su ajiye, ba wanda ya ce wa wani komai.

To ana nan, bara bayan an cire gero, sai ga saƙo daga Mukhtar. Wani ne ya taho da shi har Kano, daga Kano ya bi direba zuwa Gusau, daga Gusau zuwa tashar Mafara, sannan ɗan acaɓa ya kai shi Damri. Hindu ta samu mayafi. Sadi ya buɗe nasa ƙunshin, ya tarar da ƙwallo ta fata tsantsa, ruwan ƙasa, mai ƙamshin sabuwar jima. Babu takarda, babu komai. Sai dai ƙwallon doguwa ce, da tsini gaba da baya, kamar gwanda.

Da farko ya ɗora laifin kan direbobi, ya ce ƙarƙashin buhunan albasa suka danne ta. Ya ɗauko famfo ya ƙara mata iska, sai ta ƙara tsawo. Ya jiƙa ta, ya tsayar da ita kan tsini, ya kifa mata turmin Hindu yini guda. Da aka ɗaga turmi ta fito yadda ta shiga. Ya kawo Alƙali. Ta tsaye ta wuce tana lilo, ta kwance kuwa ko kusa. Ya ajiye ta ƙasa ya ɗan shure ta, ta yi tsalle hagu, ta yi dama, ta faɗa cikin kwanon kaji.

Sai ya sa tabarau ya duba ɗinkin, don ya ga wane maras tsoron Allah ne ya sayar wa ɗansa wannan abu. Ya bi da farce yana ƙirgawa. A na bakwai basilla ta koma baya. Ya sake ƙirga bakwai, ta sake komawa. Ya bi layin har ƙarshe, ya juya ya bi na biyu.

"Hindu," ya ce, "Muntari ya ɗinka wagga."

Daɗin da ya ji a wannan lokaci bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar sunan yaron. Ashe duk zaman nan gefen buzu yaron ɗauka yake yi. Amma daɗin bai kai minti biyu ba tsoro ya biyo shi. Yaro ya ɗauki ɗinki, bai ɗauki siffa ba. Yana can ƙasar Turawa yana ɗinka gwanda yana ce mata ƙwallo, kuma in aka tambaye shi ɗan wa, zai ce ɗan Sadi Baduku na Damri. Ga shi ƙunshin ya ratsa tasha uku, Allah kaɗai ya san wanda ya leƙa. Ya gargaɗi Hindu kada ko 'ya'yanta mata su ji. Ta ce ya buga waya ya tambayi yaron mana. Ya ce a tambaye shi me, a ce masa aikinsa ya karkace? Yaron da sai bayan shekara goma sha uku ya taɓa basilla, in aka kushe masa na farko ai ba zai yi na biyu ba.

Saboda haka ya yanke shawarar rufa masa asiri. Kwana uku bai je kasuwa ba. Ya zauna a zaure ya warware ɗinkin ɗansa ɗaya bayan ɗaya, bai yanke zaren ba, nannaɗe shi ya yi a tsinke ya ajiye cikin gwangwani. Ya datse tsinin nan biyu, ya yanko jar fatar akuya ya cike ciki, ya canza robar ciki. Layi guda ne kawai hannunsa ya ƙi taɓawa, ya bar shi yadda yake. Ran na uku da la'asar ƙwallo ta ratsa Alƙali ta ko'ina. Rabi ruwan ƙasa, rabi ja, amma fa da'ira ce wadda ba ta da makusa.

Ranar Talata ya tafi da ita Mafara ya ɗora kan jaka inda kowa zai gani. Duk wanda ya tsaya sai ya ce masa aikin Muntari ne, daga Wales. Har azahar yana cikin wannan jin daɗi, sannan Malam Mas'udu ya iso. Mas'udu malamin wasanni ne a wata sakandare, ajinsu ɗaya da Mukhtar tun firamare, kuma suna gaisawa ta waya. Ya ɗauki ƙwallon ya juya, ya ce ikon Allah, shi kuwa wadda ya gani a hoto ba haka take ba. Ya ciro waya ya nuna. Ga Mukhtar cikin rigar sanyi, gefensa wani tsohon Bature mai farin gashi, a hannunsa ga gwandar nan da tsininta biyu, yana dariya har kunne.

Mas'udu ya yi bayani cewa wannan ta zari-ruga ce, wani wasa da ake ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga da ita, kuma da gangan ake yin ta haka. Ya ƙara da cewa an ce shi ne wasan mutanen Wales na asali. Sadi ya ji kamar an zare masa buzu daga ƙarƙashi. Ya ce ƙarya ne, babu al'ummar da za ta zauna da hankalinta ta ɗinka karkatacciyar ƙwallo da gangan.

Allah ya sa Ɗantala na kusa yana cin rake. Shi ke da gidan kallon ƙwallo a bayan tasha, kuma bai yarda akwai wanda ya fi shi sanin Turai a ƙasar Mafara ba. Ya ce Baba Sadi ya yi gaskiya. Da idonsa ya ga Wales a gasar cin kofin duniya, da ƙafa suke bugawa kamar kowa, kuma shekara goma yana haska wasa ba a taɓa samun mahaluƙin da ya zo ya ce a sa masa zari-ruga ba. Mas'udu ya ce bari ya nuna musu, ya kunna bidiyo.

A nan ne Gidaɗo ya shigo maganar. Dillalin shanu ne daga Faru, ya zo a gyara masa takalmi, bai san ana wata ƙasa Wales ba sai a wannan minti. Ya leƙa wayar ya ga ƙarti masu wuyan bajimi sun sunkuya sun haɗa kai suna turereniya. Ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya ce wannan ai ya sha gani a garkensa. Da Mas'udu ya ambata cewa a ƙasar tumaki sun fi mutane yawa, shi ke nan, Gidaɗo ya ce 'yan uwansa ne makiyaya, kuma makiyayi ba ya shurin abin da ya mallaka, rungumarsa yake yi ya ruga in an biyo shi. Ya rantse zari-ruga ne wasansu, ƙwallon ƙafa baƙi suka kawo musu. Ɗantala ya ce mutumin da ko wayar hannu mai hoto ba shi da ita ba zai gaya masa Turai ba. Gidaɗo ya tafi da takalmi ƙafa ɗaya.

Jama'a, kafin mako biyu maganar ta cika ƙananan hukumomi uku. Direbobi suka kwashe ta suna saukewa tare da fasinja. Mafara ta tsaya kan ƙwallon ƙafa. Maradun ta bi Gidaɗo, har da waɗanda ba su ga bidiyon ba, don dai kada a ce sun bi Mafara. Mutanen Bakura suka ce duk an yi kuskure, mutane masu irin wannan ƙira kokawa suke yi, ƙwallon dalili ce kawai. Wani wanzami a Maradun ya bar kan mutum rabi a aske saboda mutumin ya ce ƙwallon ƙafa. Babu ko ɗaya cikinsu da zai iya nuna inda Wales take. Wani ya ce bayan Makka ce kaɗan, wani ya ce unguwa ce a Landan. Mas'udu ya zana musu taswira a ƙasa, akuya ta bi ta kai, aka ci gaba da musu a kan sawun akuyar. Har gaban wani mai unguwa aka kai ƙara. Ya tambaya ko cikin mutanen Wales ɗin akwai wanda ya kawo kuka, aka ce babu, ya ce to a dakata sai sun zo.

Kowa nishaɗi yake yi da abin, ban da Sadi. Shi lissafinsa a fili yake. In ƙwallon ƙafa ce wasan mutanen, to yaro ya yi kuskure, uba ya gyara, ba a yi ɓarna ba. In kuwa zari-ruga ce, to ɗansa ya aiko masa da aiki lafiyayye, na farko a rayuwarsa, shi kuma ya sa wuƙa ya yanka. Don haka mutumin da bai san yawan mintin wasa ba ya zama babban mai kare ƙwallon ƙafa a ƙasar Zamfara. Ya riƙa bin Ɗantala yana haddace sunayen 'yan wasa yana faɗinsu a karkace. Ya daina gaisawa da Gidaɗo, abokin cinikinsa na shekara ashirin. A gida kuwa tuwo ya daina shiga. Hindu ta gan shi sau biyu yana buɗe gwangwanin nan yana kallon zare da guntayen tsini.

"Malam," ta ce, "in da gangan ya yi ta hakanan fa?"

Ya ce mata miya ta yi gishiri.

Mas'udu ne ya gaji. Wata Talata bayan azahar ya zo gindin dogonyaro ya ce yau za a gama, za a kira Mukhtar ta bidiyo, tunda shi ke zaune cikin mutanen. Ɗantala ya yarda, Gidaɗo ya yarda, 'yan albasa suka bar albasa suka taho. Sadi ya ce shi yana da uzuri a Bakura. Aka ce motar Bakura ba ta cika ba. Ya ce waya ba ta kamawa a nan. Mas'udu ya hau benci ya ɗaga hannu, ta kama. Da Sadi ya ga ba mafita sai ya ja ƙwallon ya tura ƙarƙashin babbar rigarsa, ya zauna ya rungume ciki kamar mai ciwon hanji.

Fuskar Mukhtar ta fito. Aka yi gaisuwa, kuma sai da ya gaida kusan mutum talatin ɗaya bayan ɗaya kafin a zo ga magana. Mas'udu ya karanta masa ƙarar. Mukhtar ya yi dariya har waya ta girgiza. Ya ce su ma masu ƙasar ba su gama wannan musu ba. Wasu sun ce wannan, wasu sun ce wancan, kuma tsohon Baturen nan na hoto, wanda yake taya aikin fata ranakun hutu, shi da surukinsa sun shekara ba sa zama teburi ɗaya a kan maganar. Ɗantala ya ce to ai ga shi, ba a ce zari-ruga ba. Gidaɗo ya ce ba a kuma ce ƙwallon ƙafa ba. Mutanen Bakura suka tambaya ko tsohon da surukin sun taɓa kamawa da kokawa. Hayaniya na shirin komawa sabuwa, sai Mukhtar ya ce a ba shi Baba.

Mas'udu ya sauko ya riƙe wayar a gaban Sadi. Suka fara, ina wuni, ina gajiya, ya sanyi, ya jama'a. Gaisuwa ta ƙare a inda ta saba ƙarewa, amma wannan karon yaron bai ajiye ba.

"Baba, ka ga ɗinkin?"

Sadi ya ce ya gani.

Mukhtar ya sunkuyar da kai yana magana da sauri. Ya ce tsohon yana gyaran ƙwallayen zari-ruga na da, irin na fata, masu ajiye kayan tarihi ke kawo masa. Ranar farko da ya ba shi basilla, ya ga yana komawa baya a na bakwai, sai ya tsayar da shi ya tambayi wanda ya koya masa. Shi kuwa ya ce wa tsohon ba a koya masa ba, kallo ya yi. Wata takwas yana koyon yankan siffar, don ita ce mai wuya. Wannan ce ta farko da ya yi shi kaɗai tun daga yanka har ƙulli, kuma tsohon ya so a ajiye ta a gaban shago, shi ya ce a'a, akwai mai ɗinkin na asali a gida.

"Tana nan kusa? In gan ta a hannunka."

Kowa a wurin ya san abin da ke ƙarƙashin rigar. Ɗantala ya daina tauna rake. Sadi ya sa hannu ya jawo ta ya ɗaga. Rabi ruwan ƙasa, rabi jar akuya, da'ira kamar wata.

Mukhtar ya kalle ta. Ya matso da fuska har hancinsa ya cika waya. Ya ce a juya. Sadi ya juya. Ya ce a ƙara juyawa, sai ga layin nan guda da aka bari.

"Wannan nawa ne," ya ce a hankali.

"Naka ne."

"Sauran akwai kuskure, Baba?"

Kunya ta kama Sadi irin wadda bai taɓa ji ba, ga jama'a, ga Gidaɗo na kallonsa.

"Ɗaya bayan ɗaya na warware su, Muntari, ina neman kuskure," ya ce. "Ban samu ko guda ba. Ni ban taɓa yin ɗinki mai kyawon wanga ba ina shekarunka. Zaren na nan, ban yanke ba."

Mukhtar ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa na rawa, kuma har yau ana musu a Mafara ko dariya yake yi ko kuka. Da ya buɗe, uban ya gyara zama ya ce masa, da muryar da yake yi wa masu kawo gyara, ya aiko masa da awon, tsawo da faɗi da yadda ake yanka tsinin, kuma kada ya rage komai.

Musun dai bai mutu ba. Ɗantala da Gidaɗo sun shirya, amma kowa na kan bakansa, mai unguwa kuma na jiran mutanen Wales. Sadi ya fita daga ciki, ya ce wasan mutane ba ruwansa. Ya rataye Alƙali a ƙusa cikin zaure, ya liƙa takardar awon da Mas'udu ya kwafo masa a bango, ya sayi fata. Matsalar ita ce hannun da ya shekara arba'in yana bin da'ira ba ya jin magana. Ta farko ta fito da'ira. Ta biyu ta fito da'ira mai ɗan kumburi a gefe ɗaya, wadda ba ta da amfani ga kowane wasa a duniya. Yanzu yana kan ta biyar.

Kowace Talata bayan azahar Mas'udu na hawa benci, waya ta kama, a yi gaisuwa a gurguje, sannan Sadi ya ɗaga aikin makon ya juya shi ta ko'ina. Mukhtar ya duba da kyau, ya ce ɗinki ya yi, amma Baba har yanzu ta yi da'ira da yawa, a warware. Sadi ya yi gunaguni, ya ce yaran zamani ba su da kunya, sannan ya ɗauki basilla ya fara warwarewa.